Wa Ya Sa Maka Wannan Maganar A Baki?

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Kano, ko Kaduna, ko Zariya, ko Sakkwato bayan an idar da sallar Isha'i ya san cewa babu wata majalisa a ƙasar nan da ta kai ta teburin mai shayi cika da zafin muhawara. A nan ne ake naɗa gwamna a tuɓe shi kafin ruwan buta ya tafasa. A nan ake bayyana dalilin tashin dala, a yanke wa Faransa hukunci, a sasanta Gabas ta Tsakiya, sannan a gangaro kan sabuwar waƙar da ta fito da kuma fim ɗin da aka saki daren jiya. Mu a wannan jarida ba ma ganin aibun wannan zama, kuma ba ma cikin masu cewa matashi ya ja bakinsa ya tsuke ya bar wa manya harkar ƙasa. Al'ummar da matasanta suka daina tambayar halin da take ciki, to sai dai a fara nema mata likkafani. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan Juma'a tambaya ce guda ɗaya tak, wadda muke son kowane ɗan uwa matashi ya tafi da ita gida ya kwana da ita: wannan maganar da kake ɗaga murya a kanta har jijiyoyin wuyanka su miƙe, har ka ɓata da abokinka na ƙuruciya saboda ita, taka ce kuwa? Ko wani ne ya sa maka ita a baki?

Ba don raini muka yi wannan tambaya ba. Mun yi ta ne saboda a yau ra'ayin matashi haja ce da ake ciniki a kanta, kuma masu cinikin sun fi mai hajar sanin darajarta. Ɗan siyasa ba ya shakkar dattijon da ke zaune a zaure da carbinsa kamar yadda yake shakkar samari ashirin da ke kewaye da teburin shayi, domin su ne masu ƙuri'a, su ne masu cika filin taro, su ne masu tsare akwati, kuma idan rana ta ɓaci su ake turawa kan titi. Saboda haka ba ya jira ku yi tunani ku kai ga matsaya da kanku. Yakan dafa matsayar a gidansa ya aiko muku da ita da zafinta, ta ƙofofi uku: ta bakin mawaƙi, ta akwatin rediyo, da kuma ta wayar da ke aljihunka.

Mu fara da waƙa, tunda ita ce ta fi saurin shiga jini. Waƙar yabo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun yi wa sarakuna waƙa, an ba su dawakai da riguna, kuma duk mai sauraro ya san wane ne ubangidan makaɗi, ya san kuma cewa yabo ake yi, ba shaida ake bayarwa a gaban alƙali ba. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne matashi ya ɗauki waƙar kamfen ya mayar da ita hujja. A zaɓen 2015 da na 2019 babu muryar da ta karaɗe Arewa wajen tallata Muhammadu Buhari kamar ta Dauda Kahutu Rarara. A 2020 har kira ya yi ga masoya kowa ya turo naira 1,000 domin ya saki sabuwar waƙar yabon shugaban, kuma jama'a suka yi ta turawa. A watan Oktoba na 2023, wata biyar kacal bayan Buhari ya bar mulki, mawaƙin nan ya tara 'yan jarida a Kano ya ɗora wa gwamnatin Buharin alhakin lalacewar ƙasa. Ba mu kawo wannan don cin mutuncin mawaƙi ba. Shi sana'arsa yake yi, kuma idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Abin tambaya a nan shi ne: shi wancan yaro da ya tura naira dubunsa, wanda ya yi shekara takwas yana musu da kowa da baitocin waƙa, ina ya tsaya ranar da mai waƙar ya juya?

Haka su ma waɗanda ake yi wa waƙar. Ku dubi siyasar Kano kaɗai ta ishe ku darasi. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi gwamna a PDP daga 1999, ya koma APC a 2013, ya dawo PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Abdullahi Umar Ganduje ya yi masa mataimaki har sau biyu, ya gaje shi a 2015, kafin shekara ta zagayo sosai sun raba gari. Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya kayar da Kwankwaso a 2003, ya shiga NNPP suka zauna inuwa ɗaya a watan Mayu na 2022, zuwa watan Agusta na wannan shekara ya fice ya tafi PDP. Duk lokacin da aka yi irin wannan haɗuwa ko rabuwa, su manyan sukan gaisa a ɗaurin aure, su yi wa juna ta'aziyya, 'ya'yansu su haɗu a makarantun ƙasashen waje. Amma a unguwa fa? A unguwa an yi gaba ta shekaru saboda launin hula, an fasa kai, an daina bin juna salla, an fasa aure. Wanda ya zage maka uba jiya saboda ubangidansa, yau ubangidan nasa da naka sun rungumi juna a gaban kyamara, ku kuma an bar ku da kunyar haɗa ido.

Ƙofa ta biyu ita ce rediyo. Bahaushe da rediyo sai Allah. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, mai gadi da manomi da direba suka zama masu sanin labarin duniya fiye da wasu masu digiri. Da gidajen rediyo masu zaman kansu suka zo, musamman bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, talaka ya sami wurin kai kukansa, kuma an sha gyara rijiyar burtsatse da rufin aji saboda ƙorafin da aka ji a iska. Wannan alheri ne da ba mai musunsa. To amma a cikin wannan alheri ne aka haifi sojojin baka, wato mutanen da aikinsu shi ne su shiga rediyo da daddare su kare ubangida su yi wa abokin hamayyarsa habaici. Sojan baka yana da fasaha, yana da karin magana, yana sa dariya, shi ya sa washegari za ka ji maganarsa a bakin samari kamar karatun allo. Sai dai kafin ka ɗauka, tambayi kanka wa ya biya kuɗin filin da ya yi magana a ciki, wa ya sa masa mai a mashin. Bahaushe ya riga ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka su ma tashoshin ƙetare, kowace tana da ƙasar da ke ciyar da ita, ta London daban, ta Jamus daban, ta Faransa daban. Ba mu ce a daina saurarensu ba. Cewa muka yi a saurari biyu ko uku, a gwada wannan da wancan, a lura da abin da kowace ta faɗa da kuma abin da ta yi shiru a kansa.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi sauran faɗi da haɗari, ita ce waya. Ya kamata ɗan uwa ya fahimci yadda Facebook da TikTok ke aiki. Kamfanonin nan da talla suke samun kuɗi, tallar kuwa ba ta da amfani sai idan ka daɗe kana kallo, saboda haka na'urarsu takan lura da abin da ya tsayar da kai ta ƙaro maka irinsa. Abin da ya fi tsayar da ɗan Adam kuwa shi ne abin da ya fusata shi. Shi ya sa wanda ya zauna ya yi bayanin kasafin kuɗi cikin natsuwa ba ya samun masu kallo, amma wanda ya fito ya auna ashar sai ka ga dubbai sun taru a kansa. A wannan kasuwa ne ake ɗauko hoton rikicin wata ƙasa a ce a Filato aka yi shi jiya, a yanko rabin maganar malami ko ɗan siyasa a jefar da sauran, a kuma ɗauki matasa haya ana saya musu data domin su kwana suna yabon wane suna tsine wa wane. Yanzu ma har an kai ga na'ura tana iya kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Malamai sun sha karanta mana aya ta 6 ta Suratul Hujurat a kan wajabcin tantance labari kafin a yi aiki da shi, amma sai ka ga wanda ya fito daga wa'azin, tun bai sa takalmi ba, ya tura wa mutum ɗari labarin da bai san tushensa ba.

Wataƙila wani ya ce ai hira ce kawai, me ya yi zafi? To ga abin da ya yi zafi. Kowa ya san halin da aka shiga bayan 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa watan Oktoba na 2024 ta wuce naira 1,000. Dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen naira 460 ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yuli na 2024, a lokacin da wannan kuɗi da ƙyar zai ɗauko buhun shinkafa guda. Saboda haka matasan da suka fito zanga-zanga ranar 1 ga Agusta, 2024, ba ƙarya suka yi ba da suka ce akwai yunwa. Wannan ra'ayi nasu ne na kansu, cikinsu ne ya faɗa musu, ba sa bukatar mawaƙi ko sojan baka ya koya musu shi.

Amma ku dubi abin da aka cusa a cikin wannan kuka na gaskiya. A Kano an wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC, wadda don koyar da matasa aka gina ta, aka sa dokar hana fita. Bayan kwana biyu-uku sai ga tutar Rasha a hannun yara a titunan Kano da Kaduna, wasu na kiran soja su karɓi mulki. Ofishin jakadancin Rasha ya fito ya ce babu hannunsa, jami'an tsaro suka bi teloli suna kamawa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a wannan zanga-zanga, 'yan sanda suka musanta. Ranar 1 ga Nuwamba, 2024, aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda aka kama a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara da suka shafe kusan wata uku a tsare. Duniya ta ga yadda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje, aka kuma sa wa kowannensu belin naira miliyan 10. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Mun faɗa, kuma za mu ci gaba da faɗa, cewa tsare yaro wata uku da yunwa da tuhumarsa da laifin da hukuncinsa kisa ne zalunci ne tsagwaronsa, kuma alhakinsa yana wuyan mahukunta. To amma, ya kai ɗan uwa, bayan mun faɗi wannan, dole mu juyo mu tambayi kanmu: yaron da ya ɗaga waccan tuta, me ya sani game da Rasha? A waya ya ga an ɗaga ta a Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ya ji ana cewa duk wanda ya ɗaga ta ya tsira daga Turawan Yamma. Ba muna wanke Faransa ba ne. Mutanen Arlit sun fi kowa sanin shekarun da aka kwashe ana haƙar yuraniyom a ƙasarsu alhali garuruwansu na cikin duhu. Sai dai ba a faɗa wa yaron cewa Mali ta kawo mayaƙan Rasha tun ƙarshen 2021, sojojin Faransa sun fice a 2022, amma duk da haka a watan Satumba na 2024 'yan bindiga suka kai hari har cikin Bamako ba. Wanda ya ɗinka masa ra'ayin yana gida yana shan iska, shi kuma da ya ɗauka ya tsinci kansa a bayan kanta a Abuja, uwarsa na kuka a Kano.

Ba a titi kaɗai ake biyan wannan farashi ba. A watan Nuwamba na 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu hukuncin bulala 20 kowannensu, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok a kan gwamnan lokacin. A wannan watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka tafi da shi Abuja saboda rubutun da ya yi a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da mahukunta suka sha amfani da ita a kan masu suka. Muna adawa da yin amfani da kotu da 'yan sanda wajen toshe bakin talaka. Amma muna kuma tunatar da kai cewa magana zarar bunu ce. Idan har za a wahalar da kai, to ya kasance a kan gaskiyar da ka bincika ka tabbatar, wadda za ka iya maimaitawa a gaban alƙali kanka a ɗage, kada ya zama a kan zagin da wani ya biya ka kuɗin kati ka yi.

Yanzu mu zo kan finafinai, domin babu majalisar da ke tashi ba a taɓo su ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, wannan sana'a ta zama abincin dubban matasa, ta kuma shiga kowane ɗaki. Damuwar iyaye da malamai a kan tarbiyya damuwa ce ta gaskiya, kuma muna tare da su a kan cewa rawa da shigar banza ba al'adarmu ba ce. Wannan damuwa ce ta sa aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, ita ce kuma ta sa aka yi ca a kan shirin gina ƙauyen fim a Kofa a 2016 har gwamnatin tarayya ta janye. To amma mai hankali yakan lura da lokacin da ake zaro sandar tarbiyya da kuma kan wanda take sauka. An ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008, a zamanin Shekarau, mutumin da kowa ya san yana sukar gwamnati da hukumar. An kama Naziru Sarkin Waƙa a watan Satumba na 2019, a zamanin Ganduje, daidai lokacin da gwamna ke takun saƙa da Sarki Muhammadu Sanusi na II, wanda shi ya naɗa mawaƙin sarauta. A takarda laifin kowannensu rashin bin ƙa'idar hukuma ne. Amma masu irin wannan laifi da ke yi wa gwamnati mai ci waƙa, nawa aka kama? Idan ba mu iya raba kishin addini da hamayyar siyasa ba, za a riƙa aron fushinmu ana dukan abokan gaba da shi, mu kuma muna kabbara.

Kuma kada a ɗauka cewa waƙa da wasan kwaikwayo aikinsu rufe ido ne kawai. Shirin Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019 ya buɗe wa mutane da yawa ido a kan yadda ake sayen ɗan jarida da ɗan daba da mai faɗa-a-ji a lokacin zaɓe. Idan muka koma baya kuwa, tarihinmu cike yake da masu fasahar da suka tsaya tare da talaka. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta da gidan rediyo, ba ta da kuɗi. Abin da take da shi shi ne Malam Aminu Kano da malaminsa Sa'adu Zungur, da marubuta waƙoƙi irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu, da kuma teloli da 'yan koli da masu wankin hula waɗanda ke zama a majalisa kamar taku. Ba mu ce waliyyai ne ba. An yi zambo da habaici a wancan zamani ma, daga kowane ɓangare. Bambancin shi ne abin da suke magana a kansa abu ne da kowa ke ji a jikinsa: haraji, jangali, aikin tilas, da danniya a kotun alƙali. An ɗaure su, an yi musu bulala, ba su sauya ba, domin ra'ayin nasu ne. Bayan kusan shekara talatin, da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Hirar majalisa ce ta zama doka.

Ko a kwanan nan mun ga irin wannan. Da ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai wa Nijar yaƙi a 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wuta, talakan Arewa bai jira wani ya faɗa masa abin da zai ce ba. Mutumin Jibiya da na Illela da na Maigatari ya san cewa wanda za a jefa wa bam a Maraɗi ko Ƙonni ko Damagaram ɗan gwaggonsa ne, ya kuma ga kasuwarsa ta mutu da idonsa. Majalisu suka ɗauka, masallatai suka ɗauka, 'yan majalisar dattawa suka ƙi amincewa da amfani da soja, tawagar malamai ta tafi Yamai. Ba a yi yaƙin ba, kuma a watan Maris na 2024 Nijeriya ta ba da umarnin buɗe iyakarta. Wannan shi ne ƙarfin ra'ayin da aka gina a kan sani. Gani ya kori ji.

Saboda haka ga shawararmu ga 'yan uwa matasa, kuma ba ta bukatar kuɗi ko digiri. Na farko, duk labarin da ya zo maka, kafin ka buɗe baki ko ka danna turawa, tambayi wa ya faɗa, a ina ya gani, yaushe abin ya faru, kuma wa zai amfana idan ka yarda. Labarin da ya tafasa maka zuciya nan take, shi ya fi cancantar ka kwana da shi kafin ka yi magana. Na biyu, ji daɗin waƙa idan kana ji, amma kada ka auna shugaba da ita. Auna shi da asibitin unguwarku, da ajin da ƙaninka ke zaune a ƙasa, da famfon da ya shekara ba ruwa, da hanyar ƙauyenku da ba a iya bi bayan Magariba saboda 'yan bindiga. Na uku, ku sauko da hirarku daga sama zuwa ƙasa. Tun bayan janye tallafi kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai, ana kuma buga shi duk wata. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. A majalisarku, wa ya taɓa tambayar nawa ƙaramar hukumarku ta karɓa a watan jiya, kuma ko an bi wannan hukunci? Wa ya san sunan kansilansa? Mun iya jeranto ministocin Rasha da Amurka, amma mutumin da ke riƙe da kuɗin kwalbatin layinmu ba mu san ƙofar gidansa ba.

Na huɗu, kada saɓanin ra'ayi ya raba ka da ɗan uwanka. Wanda kuke musu da shi yau, shi zai ɗauki makararka gobe, ba wanda kake yi wa faɗan ba. Koyi cewa ban sani ba, koyi cewa na yi kuskure. Waɗannan kalmomi ba sa rage wa namiji komai. Na biyar, ka tuna cewa surutu kaɗai ba ya sauya shugaba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, kuma wanda ya yi nasara da ƙuri'a miliyan 8.79 ya hau. Da yawa daga cikin masu kwana suna musu ranar zaɓe barci suka yi, wasu kuma suka sayar da shekara huɗu a kan taliya da sabulu.

Zaɓe zai sake zagayowa, kuma tun kafin ya iso za ku ji sababbin waƙoƙi masu daɗin kiɗa, za ku ga waɗanda suka zagi juna jiya sun haɗa kai, za a kuma ƙirƙiro muku sababbin maƙiya. Za a zo teburinku a biya kuɗin shayi da burodi da ƙwai na kowa da kowa. Ranar da aka yi haka, ɗan uwa, ka dubi kofin da ke hannunka ka tambayi kanka me aka saya. Harshenka amana ne da za a tambaye ka a kansa, kuma ranar tambayar babu mawaƙi ko sojan baka ko ubangida da zai tsaya maka.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare matasanmu daga zama makamin azzalumai, Ya kawo wa ƙasarmu sauƙi da zaman lafiya. Amin.